Asibitin da na rage robar ƙirjina a Legas bayan shekara 16, mai daɗin da mara daɗin

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na zauna rubutata, don a wajenmu ba abu bane da mace take buɗe baki ta faɗa, balle mace mai shekara 52 da jikoki. Amma tun da aka yi min aikin mata uku suka same ni a ɓoye, ɗaya a wajen biki a Agege, ɗaya a shagona a Balogun, ɗaya ta waya cikin dare tana kuka, dukkansu suna ɗauke da irin abin da na ɗauka kuma babu wadda ta san inda za ta dosa. To gara na faɗa a fili yadda asibitin yake da yadda aikin yake. Sunan asibitin ba zan kama ba saboda akwai ƙorafin da zan yi a kansu, abin da zan ce kawai asibitin kuɗi ne a ɓangaren Lekki, kuma likitar da ta yi min mace ce.

A 2008 aka saka min robar silikon ta ƙara girman nono, a ƙasar waje, lokacin ina yawan fita sarin leshi da atamfa. Na shayar da yara biyar, kowanne kusan shekara biyu, ƙirjina ya zube ya koma kamar fata kawai, kuma na sha hulba na sha kunun alkama na shafa duk man da aka ce na shafa, babu abin da ya dawo. Wata abokiyar tafiyata ce ta kai ni. Aka ce 450cc, wato ma'aunin girman robar, kowanne ɓangare zai dace da jikina, ni ko cc ɗin ban san me ake nufi ba a lokacin, na dai ce to. Ba zan yi ƙarya ba, shekarun farko na ji daɗinsu, na saka kaya sun zauna min, na daina jin kunyar jikina a gaban Alhaji. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce min wannan abin ba na har abada bane, ko an faɗa ɗin ma da turancin da ya wuce ni aka faɗa.

Wahalar ta fara a hankali ne. Da al'adata ta ɗauke sai jikina ya ƙara, naman ƙirjina na asali ya ƙaru a kan robar, sai abin ya zama kaya biyu. Wuyana kullum a riƙe, bayana tsakanin kafaɗu kamar an ɗora min dutse, igiyar rigar mama ta yi min rami a kafaɗa har yanzu alamar na nan. Ga zafin Legas da kuka sani, mai haɗe da gumi, ƙasan ƙirjina kullum a jiƙe, ƙuraje da ƙaiƙayi har fatar ta saɓe, ina yawo da hoda da ƙyalle a jaka. Sannan na hagun ya fara tauri, da farko kaɗan, daga baya ya koma kamar ƙwallo ya haye sama ya bar ɗan uwansa a ƙasa, in na kwanta a kansa zafi, in jikata ta faɗo jikina da gudu sai na riƙe numfashi. Abin da ya fi ci min rai shi ne sallah. Sujada ta zama aiki, tarawihin azumin 2023 rabinta a zaune na yi, ina kallon tsofaffin da suka haife ni suna tsaye.

Babbar 'yata ce ta gane. Ta shigo ɗaki ina canza kaya ta ce Umma wannan ba daidai bane, me ya samu ƙirjinki, ni kuma tsoron kansa ya riga ya cika min ciki sai kawai na fashe da kuka na faɗa mata komai. Wallahi ban taɓa tunanin zan yi irin wannan maganar da ita ba, yarinyar da ko sunanta ba na kira. Ba ta ce min komai na zargi ba, ta ce Umma gobe za mu fara nema.

Ita ce ta yi binciken, kuma a nan na fara koyon abin da ya kamata na sani tun 2008. A Legas masu cewa suna gyaran jiki sun yi yawa, buɗe Instagram kawai ki gani, kuma ba kowanne bane ya karanci irin wannan tiyatar. Ta duba cewa likitar tana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, ta duba cewa asibitin yana da rajistar HEFAMAA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci a jihar Legas, ta tambaya ko likitar tana cikin ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta ƙasa, NAPRAS. Mun yi tunanin na gwamnati ma, don asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da asibitin ƙashi na Igbobi duk suna da sashen irin wannan tiyata, amma ni Idi-Araba cike take da mutanenmu, ban shirya haɗuwa da wadda na sani a layi tana tambayata me ya kawo ni ba. Kunya ce ta kai ni Lekki, kuma kunyar ta ci min kuɗi sosai.

Ranar farko watan Fabrairun 2024 ne, ana cikin gyaran gadar Third Mainland, daga Agege muka fito bayan asuba don kar mu makara. An ba mu ƙarfe goma. Ba mu ga likita ba sai wajen ɗaya saura. Wannan shi ne ƙorafina na farko kuma bai canza ba har na gama da su, ba sa riƙe lokaci, kuma babu mai zuwa ya ce miki Hajiya yi haƙuri likita na ɗakin tiyata, sai dai ki zauna kina kallon talabijin. Wajen dai tsaf yake, sanyi, banɗaki mai tsafta da ruwa, da na tambayi inda zan yi azahar suka buɗe min wani ɗaki babu kowa, wannan na yaba.

Amma da na shiga wajen likitar duk haushin jiran ya tafi. Ta kusa awa guda da ni. Ba ta fara da nuna min hotuna ba, tambayata ta yi me ke damuna, me nake so na iya yi da ba na iyawa yanzu. Na ce mata sujada da barci. Ta rubuta. Akwai wata nas 'yar Jos da ke jin Hausa sosai, ita ta riƙa cike min inda turancin ya yi nauyi, tana cewa Hajiya kin gane ko na maimaita, kuma ba sau ɗaya na ce ta maimaita ba.

Ga abin da ta fahimtar da ni. Duk abin da aka saka a jikin mutum wanda ba nasa ba, jiki yana saƙa masa wani tantani ya zagaye shi, wannan kowa mai roba yana da shi kuma ba ciwo bane. Amma a wasu matan tantanin sai ya yi kauri ya tsuke ya matse robar, shi ne taurin da zafin da nake ji. Ta ce suna auna shi mataki huɗu, na farko laushi kamar ba komai, na huɗu tauri da canza siffa da ciwo, nawa na hagu ya kai na huɗun. Ta kuma ce robar silikon tana iya fashewa a ciki mace ba ta sani ba, don silikon ɗin mai kauri ne yana zama cikin tantanin, ba kamar mai ruwan gishiri ba da in ta fashe za ki ga nonon ya sace cikin kwanaki. Shi ya sa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ce mai silikon ta yi sikanin ko MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da babbar na'ura, bayan shekara 5 zuwa 6 da sakawa, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3. Ni shekara 16 ban taɓa yi ba ko sau ɗaya.

Sai ta tambaye ni katin robar. Ashe ana ba mutum kati mai sunan kamfani da lamba da girma. Ni ban san inda nawa ya shiga ba, ko an ba ni ma. Ta ce dalilin tambayar shi ne a 2010 an gano wani kamfanin Faransa, PIP, yana cika robarsa da silikon ɗin masana'anta wanda ba a yarda a saka a jikin mutum ba, kuma an sayar da su a ƙasashe da yawa a daidai shekarun da aka yi min nawa. Sannan a 2019 an janye wasu masu kaushin baya na kamfanin Allergan saboda wata irin kansa da ba a cika samu ba da ke fitowa a cikin tantanin nan. Daren ranar ban runtsa ba. Na faɗi wannan ne don duk wadda ke da roba ta je ta nemo katinta yau, ni da aka ciro nawa an ga ba ko ɗaya daga cikin biyun bane, alhamdulillah, amma wata biyu da rabi na yi da wannan fargabar.

Ta tura ni mamogiram, wato hoton nono na binciken kansa, da MRI a wani wajen daban, kuma ta ja min kunne na faɗa musu ina da roba kafin su fara, don akwai yadda suke ture ta baya su ɗauki ƙarin hotuna, in ba haka ba tana rufe wani ɓangaren naman. Mamogiram ya fito lafiya. MRI ya nuna na hagun ya fashe a ciki.

Abin da ya sa na yarda da matar nan shi ne zama na biyu. Ni a tunanina cire babba a saka ƙarama ne kawai kamar canza takalmi. Ta ce a'a Hajiya. Ta ɗauki misalin da na gane nan take, ta ce rigar da aka ɗinka wa mai jiki in siririya ta saka ya za ta yi, na ce za ta yi mata burum, ta ce to haka fatarki, shekara 16 tana ɗauke da kusan kilo guda ta miƙe, kuma fatar shekara 52 ba ta komawa kamar ta shekara 30, in na saka ƙarama na rufe kawai za ta zauna a sama naman ya zubo ƙasa. Dole a rage fatar a ɗaga kan nonon, kuma wannan yana barin tabo, zagaye da baƙin nonon, ya sauko ƙasa a tsaye, sannan ya bi ta ƙarƙashi. Ta zana min a takarda. Ta ce mu baƙar fata tabonmu yana iya yin duhu ko ya kumbura ya yi tudu, ta duba hujin kunnena da tabon tiyatar haihuwar autana don ta ga yadda fatata ke warkewa. Ta ce jin kan nonon zai iya raguwa, wataƙila ya dawo wataƙila a'a. Ta ce biyun ba za su taɓa zama daidai cif ba.

Hanya uku ta ajiye min. A cire gaba ɗaya a bar shi haka, ko a cire a ɗaga ba tare da sabuwar roba ba, ko a saka ƙarama a ɗaga. Kuma ta faɗa min a fuskata cewa ita a ganinta ina da naman da zai ishe ni ko babu roba, kuma in na zaɓi sabuwa to na sani ita ma ba ta har abada bace, wata rana ina shekara 65 ko 70 zan iya sake kwanciya a gadon tiyata. Likitar da za ta fi samun kuɗi in na saka sabuwa ita ce ke ce min ba sai na saka ba. Ni ce na ji tsoro, na saba ganin kaina a cike, na kasa tunanin farkawa na ga babu, sai na zaɓi 250cc mai santsin baya. Gaskiyar da zan faɗa wa mata 'yan uwana ita ce yau da za a maida ni wancan zaman, ina jin ta biyun zan ɗauka. Ba don aikin bai yi kyau ba, ya yi, sai don har yanzu ina da ranar sikanin a kalanda kuma ina da abin da zan riƙa tunani.

Kafin na sa hannu na je wajen malamarmu ta Islamiyya, don abin yana damuna ta wannan ɓangaren tun ba yau ba. Na zata za ta yi min faɗa. Ta saurare ni har na gama ta ce na baya ya wuce, tsakaninki da Allah ne ki nemi gafara, amma cire cuta daga jiki ba canza halitta bane, magani ne, ta kawo min hadisin sahabi Arfaja da aka sare wa hanci a yaƙi ya saka na azurfa ya yi wari, Annabi SAW ya umarce shi ya saka na zinariya. Kan sabuwar robar kuma ta ce min a ganinta barinta ya fi, ban ɓoye wannan ba don haka ta faɗa. Alhaji shi cewa ya yi ni dai lafiyarki, duk wanda kika zaɓa, kuma shi ya sa hannu a takardar.

Yanzu maganar kuɗi, inda ƙorafina mafi girma yake. Ba zan rubuta adadi ba don ba zai amfane ki ba, robar da dala ake shigo da ita, a lokacin dala ta haura naira 1,500, kuma takardar farashin da suka ba ni sun rubuta sati biyu kawai take aiki. Miliyoyi ne dai, na taɓa jarina na sayar da wasu gwala-gwalai. Matsalar ita ce abin da aka ce min kuɗin aiki ne gaba ɗaya ashe ba gaba ɗaya bane. Na biya kafin alƙalami, sai ga kuɗin gwajin jini da na zuciya daban, kuɗin ganin likitan allurar barci daban, rigar mama ta musamman da ake sakawa bayan aiki daban kuma biyu ake so, kuɗin kai tantanin da aka ciro ɗakin gwaji daban, kwana na biyu a asibiti daban. Da 'yata ta haɗa lissafi ƙarin ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin farko. Babu wanda na ce bai kamata a yi ba, duk masu amfani ne, amma a faɗa wa mutum tun farko mana ya shirya. Masu karɓar kuɗin ma ba su da fara'ar da nas-nas ɗin ke da ita, sai na nace kafin aka ba ni rasit mai bayani dalla-dalla.

Mun bari azumi ya wuce, aka sa farkon watan Mayu. Ina da hawan jini, suka ce sai ya daidaita tukun, sati uku ina aunawa ina tura wa nas ta WhatsApp. An hana ni asfirin da duk wani jiƙe-jiƙe da haɗin gargajiya, an tambaye ni taba ko shisha har sau uku, don wai suna hana jini isa ga fatar da aka ɗaga har kan nonon ya iya mutuwa. Likitan allurar barcin namiji ne, an faɗa min tun farko, ya zo ya gaishe ni cikin ladabi ya duba bakina da wuyana ya yi tambayoyinsa. Na roƙi a bar min hula da zani har sai na yi barci, suka yarda. Nas 'yar Jos ɗin ta riƙe hannuna ta ce Hajiya yi addu'arki ina nan, ina cikin ayatul kursiyyu ban san inda na tsaya ba.

Kusan awa huɗu aka ce an yi. Na farka ƙirjina a ɗaure tam da 'yan tiyo biyu suna tsiyayar da ruwa da jini cikin wasu 'yan robobi. Abu na farko da na lura, tun ina cikin maye, numfashina ya yi sauƙi. Likitar ta zo da yamma ta nuna wa 'yata hoton abin da aka ciro, na hagun ya fashe kamar yadda MRI ya nuna, tantanin ya yi kauri har da wani fari-fari mai tauri kamar ɓawon ƙwai a jikinsa. Ta miƙo min katin sababbin a hannuna ta ce na ajiye tare da fasfo.

Kwana biyun da na yi a can nas-nas sun kula da ni, ba sai na kira sau biyu ba, maganin ciwo a kan lokaci, sun saka min safa mai matse ƙafa sun tashe ni tafiya tun daren farko saboda kar jini ya daskare. An ɗauke wuta sau da yawa amma janareto na tashi nan take. Sai dai abu biyu sun ɓata min rai. Na farko wani ma'aikaci namiji mai kawo abinci ya turo ƙofa ba sallama ba ƙwanƙwasawa ana cikin duba min ciwo, na yi magana sosai, sun ba da haƙuri kuma bai sake ba, amma bai kamata ya faru ba a wajen da yawancin masu zuwa mata ne. Na biyu wata yarinya mai kula musu da Instagram ta zo da waya wai ko zan yarda a saka hoton kafin da bayan aiki, ba za a nuna fuska ba. Ina kwance da tiyo a jikina. Na ce a'a, ta sake tambaya da za a sallame ni. Ashe a cikin takardun da aka ba ni na sa hannu akwai layin yardar hoto a cakuɗe da sauran, Allah ya sa 'yata ta karanta ta soke shi tun ranar. Ki karanta kowanne layi ko ki je da mai karanta miki.

A gida ne ainihin jinyar take. An cire tiyo a kwana na biyar. Barci a rigingine da filo uku, ni da na saba kwanciyar gefe, wannan ya fi ciwon wahalar da ni. Hannu ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, ɗaurin ɗankwali ma sai an taya ni, sallah a kujera. Ƙanwata da ta zo daga Kano jinyata, da kyakkyawar niyya, ta dafa ruwa ta kawo tawul ta ce Yaya kawo na gasa miki kamar na jego zai fi saurin warkewa. Allah ya taimaka nas ta riga ta gargaɗe ni, ta ce fatar wajen ba ta ji sosai bayan aiki, za ki ƙone ba ki sani ba, kuma zafi yana ƙara kumburi. Haka man kaɗanya da zuma da duk abin da 'yan dubiya za su kawo, kar a shafa komai sai ciwon ya rufe ruf. Wannan gargaɗin ya kamata su rubuta shi a takardar sallama don irinmu, ba a baki kawai ba, don da ba nas mai sanin al'adarmu na samu ba babu wanda zai yi tunanin faɗa min.

A sati na uku wajen da ɗinkin tsaye ya haɗu da na ƙasa a ɓangaren hagu ya ɗan buɗe, kamar girman farce, yana fitar da ruwa. Ranar Asabar ce da daddare. Lambar gaggawar da suka ba mu muka kira ta fi sau goma ba a ɗaga ba, saƙo ba amsa, sai Lahadi da yamma. Na kwana ina tunanin robar ce za ta fito. Da likitar ta gani ranar Litinin ta ce wajen ne fata ta fi ja, yana yawan faruwa, babu ƙwayar cuta, wanki da sauya bandeji ne kawai, kuma haka aka yi ya rufe cikin sati biyu da wani abu. Ta ba ni haƙuri da bakinta ta ce za ta yi magana kan wayar. Na yarda da ita, amma asibitin da ya karɓi miliyoyi bai kamata lambar gaggawarsa ta yi shiru kusan kwana guda ba. Kuma zuwa Lekki daga Agege duk bayan kwana biyu cikin damina da gosulo da ramuka, kowanne rami ina jinsa a ƙirjina, sai da na roƙa kafin suka yarda wata nas a kusa da mu ta riƙa yi min tana tura musu hoto. Duk wadda ke zaune Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago ta sa wannan a lissafi tun farko.

Sakamakon tantanin ya fito babu kansa. Ranar na yi sadaka.

Babbar sallah ta same ni ina sati na shida, ban taɓa tukunyar suya ba, an hana ni ɗaga abu mai nauyi, amma a ranar na fara kai goshina ƙasa ba tare da na dafe ƙirji ba, na daɗe a sujadar nan ina kuka. Ciwon wuya ya tafi kusan gaba ɗaya, na baya ya ragu sosai duk da bai ƙare ba, likitar dama ta ce shekaru ma suna da nasu kason. Ƙurajen ƙasan ƙirji ban sake ganinsu ba. Sai da aka yi wajen wata shida kafin siffar ta zauna, farko sun yi sama sun yi tauri har na tsorata. Tabon yana nan, na tsayen ya dushe, na ƙasa a hagu inda ya buɗe ya fi faɗi da duhu, na yi watanni ina manna masa filastar silikon da ta rubuta min. Kan nonon dama jinsa ya dawo, na hagu rabi-rabi ne har yau. Na hagun kuma ya ɗan fi ɗan uwansa ƙanƙanta, ni kaɗai ke gani.

In aka ce na ba su maki, likitar da nas-nas goma bisa goma, tsafta da ɗakin tiyata tara, ɓangaren kuɗi da riƙe lokaci huɗu, kula bayan sallama biyar. Zan tura 'yar uwata wajen likitar nan, na ma tura ɗaya daga cikin ukun da na faɗa a farko, amma sai da na ce ta nemi farashin komai a rubuce, ta karɓi lambar nas ɗin kanta ba ta asibiti kaɗai ba, ta soke layin hoto, kuma ta saurari zaɓi na biyu da kyau kafin ta ce a saka mata sabuwa. Ita cirewa ta yi gaba ɗaya aka ɗaga mata. Ta zo shago kwanaki sayen leshi, telanta ya rage mata riguna goma sha ɗaya, nawa ya rage min tara, sauran na rabar.